Muna Shan Lemun Timiya, Ba Mu San Hanyar Timiya Ba

A fadar da muke zama bayan la'asar a nan Maraɗi, wani ƙanenmu da ke tuƙa babbar mota tsakanin Agadas da kudu ya zo mana da tsarabar lemu da rumman. Ya ce na Timiya ne. Ana ɓarewa ana santi, sai wani saurayi da bai daɗe da gama jami'a ba ya tambaya ko Timiya a Aljeriya take ko a Maroko. Direban ya yi dariya ya ce a Nijar take, cikin duwatsun Abzin. Ya ƙara da cewa in sanyi ya shigo, kamata ya yi mu haɗa kuɗi mu je mu kwana biyu mu ga wuri.

Wani Alhaji daga cikinmu, wanda ya san kasuwannin Dubai kamar yunwar cikinsa, ya ajiye kofin shayi ya ce: "Mi za ni yi cikin duwatsu? Akwai kasuwa can? Wanga ai aikin Annasara ne."

Aka yi dariya, aka shiga wata hira. Ni dai maganar ta tsaya mini a rai, don ba Alhaji kaɗai ke da wannan tunani ba. Kusan dukanmu haka muke.

Ra'ayina shi ne, fita shan iska a wuraren ƙasarmu, da cin abincin mutanen wurin a hannunsu kuma a biya su, ba aikin Annasara ba ne, ba kuma almubazzaranci ba ne. Ƙananan garuruwan da ke cikin kwarurukan Abzin, irin su Timiya da Iferwan da Tabelot, sun yi shekaru suna zuba ido ga jirgin da zai kawo musu baƙi daga Faransa. Jirgin ya daina zuwa. Baƙon da ya rage musu, wanda ba ya neman biza kuma ba ya jiran izinin ofishin jakadancin kowa, shi ne ni da kai. Mu mutanen Maraɗi kuwa mun fi kowa rashin hujjar ƙin zuwa.

Me ke can ɗin?

Timiya ƙaramin gari ne a cikin kwari, kimanin kilomita 220 arewa da Agadas. Baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi, a tsakiya kuma ƙorama ce mai yashi wadda ruwa ba ya gudu cikinta sai da damina. Amma ruwan yana nan kwance a ƙarƙashin yashi, shi ya sa bakin ƙoramar ya cika da garake: lemu, rumman, inabi, ɓaure, dabino, ga alkama da masara da albasa da tafarnuwa.

Na tsaya a wata garka na kalli yadda ake ban ruwa irin na da. Raƙumi ne ke jan guga. Gugar ta fata ce mai dogon wuya, igiya biyu a jikinta, ɗaya ta riƙe bakin, ɗaya ta riƙe wuyan a naɗe. Yaro ya kama akala ya ja raƙumin ya yi nesa da rijiya, gugar ta taso a cike, da ta kai sama sai wuyan ya miƙe da kansa, ruwa ya zuba cikin kwami ya bi ƴan magudanai zuwa gindin itatuwa. Raƙumin ya juyo, gugar ta koma. Babu wanda ya taɓa gugar da hannu. Yanzu injin ban ruwa ya karɓe yawancin garake, amma wanda ya ga wancan sau ɗaya ba zai sake cewa kakanninmu ba su da fasaha ba.

Ƴan kilomitoci kaɗan daga gari akwai inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse ya taru a wani gurbi mai sanyi. A bisa tudun da ke kallon garin akwai tsohuwar ganuwar soja da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1950, wanda ya hau can zai ga kwarin duka a ƙarƙashinsa. Kudu da nan akwai tsaunukan Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. A kansu akwai ƙauyuka masu noman dankalin turawa da tafarnuwa, waɗanda shekara da shekaru jaki da ƙafa ne hanyarsu. Tun 1991 hukumar UNESCO ta saka wani babban yanki na Abzin da hamadar Tenere cikin kayan gadon duniya, a 2013 kuma ta ƙara da tsohon garin Agadas mai hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon mita 27.

Wannan duka yana cikin ƙasar da muke ɗauke da katinta a aljihu.

Su sun san hanyarmu tun tuni

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar Abzin wata duniya dabam. Tarihin Gobirawa ya nuna sun zauna a Abzin kafin su gangaro kudu, wato ɗan Tibiri, garin Gobirawa, da ya je can ziyarar tsohon gida ya je. Ayarin Abzinawan Timiya kuwa, in kaka ta yi, yakan ratsa Tenere zuwa Bilma ya ɗauko gishiri da dabino, sannan ya gangaro ƙasar Hausa ya musanya da gero. Raƙumansu na kiwo a gonakinmu bayan girbi, su bar mana taki. Dattawan ƙauyukanmu sun san kantun gishiri, sun san mai kawo shi, wasu ma har sun yi abota ta gado da gidajensu. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwar Agadas, kuma a Timiya da wuya ka rasa wanda za ku gaisa ku yi ciniki da ita.

Ɗaruruwan shekaru ke nan suna zuwa mana. Mu ne ba mu taɓa rama ziyara ba, sai dai in albasa za mu ɗauko.

A shekarun 1980 zuwa farkon 2000, Turawa ne suka cike wannan gurbi. Da sanyi ya kama, jirage kan sauka Agadas kai tsaye daga Faransa. Direbobi da ƴan rakiya da masu dafa abinci da maƙeran azurfa da mata masu aikin fata duk sun ci abinci a wannan harka. Tawayen Abzinawa na farko ya girgiza ta, aka yi sulhu a Afrilun 1995, ta farfaɗo. A Fabrairun 2007 aka kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya ɓarke har zuwa 2009. A Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Daga nan kasuwa ta watse. Masu motocin da suka san kowane lungu na sahara suka koma ɗaukar ƴan ci-rani zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta hakan. Wasu suka bi zinariyar Jado da ta ɓulla a 2014.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, an gina sana'ar ne kan baƙo ɗaya tak, kuma baƙon da gwamnatinsa ke iya hana shi zuwa da sanarwa guda. Da a ce tun farko akwai ƴan Maraɗi da Damagaram da Tawa da ke zuwa hutu, da harkar ta ragu amma ba ta mutu ba.

"Ka manta da matsalar tsaro?"

Ban manta ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba. A Agustan 2020 an kashe mutum takwas a Kure, wurin raƙuman dawa, biyu daga cikinsu ƴan ƙasa ne, direba da ɗan rakiya. A farkon 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Mu ma nan kudancin jiharmu, wajen Gabi da dajin Baban Rafi, mun san abin da masu satar mutane suka yi wa ƙauyuka. Wanda ya ce a ɗauki iyali a shiga daji ido rufe, ba masoyinka ba ne. In hukuma ta ce kada a bi wata hanya, kada a bi ta.

Amma mu duba kanmu da kyau. Kullum motocin fasinja na tashi zuwa Agadas da Arlit a cike. Manyan motoci na shiga har Tabelot su ɗauko albasa. Samarinmu sun tafi Jado da Cibarakaten haƙar zinariya, wuraren da suka fi Timiya nisa da haɗari nesa ba kusa ba, iyayensu kuma suka sa musu albarka. In riba ce a gaba, sai mu ce rai a hannun Allah yake. In kallon halittar Allah ne a gaba, sai kowa ya zama masanin tsaro. Ashe ba tsoro ne ke hana mu ba. Ba mu ɗauki abin da daraja ba ne kawai.

Tafiyar tana da ƙa'ida, kuma ƴan kasuwa sun riga sun san ta. Da ɗan gari akan ci gari. A tambayi hukuma a Agadas kafin a kama hanya, a ɗauki ɗan rakiya na wurin, a yi tafiya da rana, a tafi a ƙungiya. Shekarar da abin bai yiwu ba, a haƙura a jira wata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke hukunci daga kan benci a Maraɗi cewa wurin ya haramta har abada, alhali mutanen cikinsa na nan suna noma suna aurar da ƴaƴansu.

"Mutane ba su ci sun ƙoshi ba, kana zancen yawo"

Gaskiya ne, kuma ba da mai neman na tuwon dare nake ba. Da wanda ke iya liƙin kuɗin buhun gero a dare ɗaya wurin biki nake. Da Hajiyar da ke ɗinka anko duk wata. Da ma'aikacin da hutunsa ke ƙarewa a kan tabarma gaban talabijin. Da Alhajin da ke kai iyali Dubai su yi hoto a gaban kantuna su dawo. Waɗannan suna da yawa a garin nan, kowa ya san Maraɗi ba garin matsiyata ba ne.

Kuma wannan hujja ta talauci, in an juya ta, goyon bayana take yi. Kuɗin da aka kashe a Dubai ya tafi ke nan. Wanda aka kashe a Timiya kuwa, hannun wa yake shiga? Matar da ta yi tuwo, yaron da ya ja jaki, mai garkar da ya sayar da kwandon lemu ba tare da dillali ya ci rabinsa ba, maƙerin da ya yi wata bai sayar da zobe ko ɗaya ba. Babu wata ƙungiyar agaji da ke kai kuɗi hannun talaka kai tsaye kamar yadda baƙo mai jin yunwa ke kaiwa.

Tsadar ma ba ta kai yadda ake zato ba in an haɗu. Daga Maraɗi zuwa Agadas ta Damagaram da Tanut kusan kilomita 700 ne, a motar fasinja. Daga can a haɗa kuɗi a ɗauki mota mai ƙarfi guda. Fadar da ke iya yin adashi don sayen babur ko ragon layya tana iya yin adashin tafiya.

"Ai wuraren nan shashanci ake yi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi a Maraɗi, kuma na san daga inda ta fito. Mutanenmu sun ga yawon buɗe ido ne a siffar da baƙi suka zo da shi, da shigarsu da abin shansu. Masu shekaru na tune da tarzomar Nuwamban 2000 a garin nan, kan bikin nuna tufafi da aka shirya a Yamai. Tun daga lokacin, duk abin da aka kira shaƙatawa sai a dube shi da wutsiyar ido.

To amma dutse me ya yi? A cikin Suratul Gashiya, Allah ya tambaya ko ba su duba raƙuma yadda aka halicce su ba, da sama yadda aka ɗaukaka ta, da duwatsu yadda aka kafa su, da ƙasa yadda aka shimfiɗa ta. Yaranmu sun hardace wannan tun suna allo. Yawancinsu kuwa ba su taɓa ganin dutsen da ya fi gidan bene tsawo ba. Ina ganin malamin da ya kai ɗalibansa gindin Bagzan ya karanta musu waɗannan ayoyi ya gama tafsiri.

Sannan yadda wuri ke kasancewa ya danganta da masu zuwa cikinsa. Mutanen Timiya Musulmi ne, masu kunya da kamun kai. In mu ne baƙin, da lokacin sallarmu za mu je, da matanmu da ƴaƴanmu, kuma masauki zai daidaita kansa da mu. Na ce da matanmu, da gangan. Ba daidai ba ne maigida ya ga duniya, uwargida kuwa iyakarta gidan biki da asibiti.

Maganar abinci

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ɓangare biyu ya shafa.

A wani masauki da muka sauka a can arewa, da dare ya yi aka kawo mana taliya da kifin gwangwani da tumatirin gwangwani. Da safe burodi da madarar gari. Ga lemu na lilo a bayan katanga, ga awaki na wucewa. Na ce wa mai dafuwar, wani dattijo mai fara'a: "Baba, ku me kuka ci a gida yau?" Ya yi murmushi ya ce ai namu na ƙauye ne, ba mu ɗauka za ku iya ci ba. Shekarun da ya yi yana dafa wa baƙi sun koya masa cewa abincin gidansu abin ɓoyewa ne.

Washegari muka roƙe shi ya yi mana tagilla. Ya haɗa wuta a kan yashi mai tsabta, ya bar ta ta ci har ta zama garwashi. Ya kwaɓa garin alkama da ruwa da ɗan gishiri, ya yi ta murzawa a cikin akushi har ya yi danƙo, ya faɗaɗa shi ya yi kauri. Ya ture garwashin gefe da sanda, ya buɗe rami a cikin yashin da ya yi zafi, ya kwantar da ƙullun, ya mayar da yashi da toka da garwashi a kai. Muka zauna ana hira. Can ya tone, ya juya shi, ya sake rufewa. Da ya fito da shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurari ƙarar, ya kakkaɓe, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ruwa kaɗan. Sannan aka gutsuttsura shi tun da zafinsa, aka zuba miyar tumatir da albasa da naman akuya da man shanu. Ko ƙwayar yashi ɗaya ban tauna ba. Wani abokin tafiyarmu da ya rantse ba zai ci abin da aka binne a ƙasa ba, shi ya siɗe akushin.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai cuku na nonon akuya da ake shanyawa ya bushe, a ci da dabino ko a ɗan gasa shi a sha shayi. Akwai irin furarsu da ake dakawa da gero da dabino da cuku a dama da ruwa, wadda mai ayari ke sha da safe ta riƙe shi har yamma. Akwai tuwon gero da nono. Ga shayi kofi uku da ba a gaggawa da shi. Wannan shi ne abin da mutum zai yi tafiyar kwana biyu ya ci ya dawo yana ba da labari. Taliya kuwa akwai ta a kowane shago a unguwarmu.

Kuma lissafin a fili yake. Taliya da madarar gari da gwangwani daga Aljeriya ake shigo da yawancinsu, kuɗinsu can yake komawa. Alkama da cuku da akuya da lemu na cikin kwarin ne. Masaukin da ke ciyar da baƙo kayan gwangwani ya mayar da kansa ɗan aiken wani ɗan kasuwa na Tamanrasat.

Ɓangare na biyu mu ne. Bamaraɗe in zai yi tafiya, sai ya ɗauki gida duka: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, kular shinkafa, har ruwan leda. Ya je ya zauna a inuwar mutane, ya buɗe guzurinsa ya ci, ya yi hoto, ya tashi. Bai sayi ko dabino na dala ba. In kuma ya tashi saye, sai ya taya rabin kuɗi yana cewa ai a Maraɗi ya fi haka araha. Irin wannan baƙo, da zuwansa da rashin zuwansa duk ɗaya, in ban da sharar da ya bari.

Akwai wani tarko kuma da ba a cika faɗa ba, wato kunya. Mu da Abzinawa duka mun tashi a kan cewa ba a sayar wa baƙo abinci. Ka sauka gidan mutum, ya yanka maka akuyar da ita ke ba ƴaƴansa nono, ka tambayi kuɗi ya ce haba, Allah ya kiyaye. Kai ma ka ji daɗi ka ce mutanen kirki, ka yi godiya ka tafi. Wannan karamci ne in mutum ɗaya ne ya zo sau ɗaya a shekara. In mota guda ce ta zo duk mako, ya zama zalunci. Gara a raba abin gida biyu tun farko: zumunci dabam, sana'a dabam. Matan gari su haɗu su riƙa dafawa, a rubuta kuɗin kwano a allo a rataye, baƙo ya gani tun kafin ya wanke hannu. Babu mai jin kunyar faɗa, babu mai jin an cuce shi. Wanda ya ga dama ya ƙara alheri a kai, wannan tsakaninsa da Allah.

Masu cewa cikinsu ba ya ɗaukar abincin ƙauye, a ba su ruwa da sabulu, a rufe kwano, a tafasa abin sha. Mutumin da ke cin tsiren bakin tasha cikin ƙura bai kamata ya yi wa kowa wa'azin tsabta ba.

"In muka je da yawa, ba za mu ɓata wurin ba?"

Wannan kam ita ce hujjar da na fi girmamawa, don na san halinmu. A dubi itatuwan da ke bakin garin nan yadda baƙar leda ta yi musu ado. In haka za mu kai Timiya, gara mu zauna gida.

Ruwan kwari ƙididdigagge ne. Gurbin da kake ganin na wanka ne, daga shi dabbobi ke sha, don haka ba wurin sabulu da omo ba ne. Itacen da ka sara don gasa nama ya yi shekaru kafin ya kai haka a ƙasar da ruwan sama bai taka kara ya karya ba. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zanen raƙumin dawa a jikin dutse da ya haura mita 5, ya yi dubban shekaru a wurin, kuma saurayi ɗaya da ƙusa ya isa ya rubuta sunan budurwarsa a kai. Kiɗa mai ƙara ma a bar shi a mota, wanda ya zo daga hayaniyar kabu-kabu bai kamata ya taho da ita ba.

Maganin wannan ba hana zuwa ba ne. Mutanen gari su ne za su sa doka, su kuma karɓi ɗan kuɗin shiga da za a biya mai tsaro da mai shara. Ɗan rakiya na wurin shi zai ce maka nan ba a wanka, can ba a hawa, kada ka kwana a cikin ƙorama da damina ko da sama tana garau, don ruwa na iya zuba a kan dutse mai nisa ya iso ka cikin dare. Mutanen Agadas ba su manta ambaliyar Satumban 2009 ba. Lokacin zuwa shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a ɗauki bargo na gaske, sanyin dutse ba irin na Maraɗi ba ne.

Wanda Abzin ta yi wa nisa

Ba sai an kai Timiya ake fara koyo ba. Ba mu da duwatsu, amma muna da kwarin Gulbin Maraɗi. Tafkin Madarunfa na nan kimanin kilomita 20 daga gari, da masuntansa da tsuntsayensa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Ga garaken Jiratawa da zogalensu ya kai har Yamai da Najeriya. Ga dajin Gadabeji a arewa da Dakwaro, wanda UNESCO ta amince da shi a 2017, aka kuma kai masa raƙuman dawa daga Kure a 2018. Yara nawa ne a lakwal-lakwal ɗin Maraɗi suka san akwai raƙumin dawa a jiharsu?

Ƙa'idar ɗaya ce da ta can: a tambayi halin hanya, a je da rana, a bar kula a gida, a ci soyayyen kifi da kwaɗon zogale a hannun masu yin su, a biya ba tare da jan rai ba, a kwashe leda a dawo da ita.

Kamfanonin motocin fasinja suna iya gwada tafiya ta musamman a hutun Disamba, kuɗin mota da masauki da ɗan rakiya a haɗe. Shugabannin makarantu su sa fita ɗaya a shekara cikin tsarinsu. Su kuma magadan gari da ke da irin waɗannan wurare, ba otel mai hawa uku ake nema a wurinsu ba. Rumfa mai inuwa, makewayi na maza da na mata, wurin alwala, randar ruwa, kwandon shara da wanda zai riƙa kwashe shi, sai benci inda mai tuya za ta ajiye kaskonta. Kuɗin wannan duka bai kai na taron bita guda ɗaya da ake yi a otel kan bunƙasa yawon buɗe ido ba.